Yaushe ya dace a buɗe sabon nau'in tafarkin aiki a manhajar kamfani?

Sani_Tsari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da aka damƙa mini kula da manhajar da muke tafiyar da takardun ofis da ita, wato neman hutu, odar saye, biyan 'yan kwangila, mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya kashe a tafiyar aiki da makamantansu. Da na buɗe shafin da ake tsara tafarkin aiki, ina nufin jerin matakan da takarda take bi daga hannun wanda ya cika ta har zuwa wanda zai sa hannu na ƙarshe, sai na tarar da nau'i 43, alhali kuwa ayyukan da muke yi a zahiri ba su kai goma ba. Na neman hutu kaɗai guda 7 ne. Akwai wanda aka raɗa wa suna "sabon neman hutu", akwai "sabon neman hutu na 2", akwai kuma wanda yake ɗauke da sunan wani shugaban sashe da ya bar aiki tun kafin a ɗauke ni. Yau da safe shugaban sashen saye ya aiko yana so in buɗe masa na 44, domin a cewarsa odar da kuɗinta ya wuce wata iyaka dole ne ta bi ta hannun babban darakta. Tambayata ita ce, da wane ma'auni kuke bambance buƙatar da ta cancanci sabon nau'i da wadda za a ƙara mata reshe kawai a cikin wanda ake da shi? Waɗanda na tarar kuma, in goge su ne ko in haɗe su?

Injiniya_MG: Wa alaikumus salam Malam Sani. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne matsayan da takarda take shiga. Ka ɗauki nau'i biyu ka jera matsayansu gefe da gefe, misali daftari, an miƙa, ana dubawa, an amince, an ƙi, an rufe. Idan jerin biyu iri ɗaya ne, kuma abin da ya raba su shi ne wanda zai sa hannu ko adadin kuɗin da ke kan takardar, to nau'i ɗaya gare ka, sauran bayani ne da ya kamata manhaja ta karanto daga fom ɗin. Buƙatar shugaban sashen saye tana cikin wannan rukuni, domin odar babba da odar ƙarama duk ta matsayai ɗaya suke bi, sai dai babbar tana ƙara tsayawa a wuri guda. Wannan sharaɗi ne da ake ɗorawa a kan hanya. A Jira ma, wata manhajar bibiyar ayyuka, haka aka gina abin: tafarki matsayai ne da hanyoyin tsallakawa daga wani zuwa wani, a kan kowace hanya ana iya ɗora sharaɗin wanda yake da ikon bin ta, da abin da za a tantance kafin a bi ta, da abin da zai faru bayan an bi ta, sannan akwai wani tsari daban da yake haɗa nau'o'in aiki da tafarkinsu, ta yadda nau'in aiki goma za su iya amfani da tafarki ɗaya.

Mai_Lissafi: Injiniya, na yarda da kai rabi. Na taɓa aiki a wurin da aka ɗauki wannan shawara aka yi mata riƙon gaske, aka narkar da komai cikin tafarkin amincewa guda ɗaya, kuma bayan shekara biyu yana da rassa sun fi talatin. Ranar da aka taɓa reshen da ya shafi biyan 'yan kwangila sai takardun alawus ɗin tafiya suka daina isa wurin mai biya, kuma kwana huɗu aka yi kafin wani ya gane cewa gyara ɗaya ne ya jawo duka. Daga ranar babu wanda ya ƙara yarda ya taɓa shi. Gara mini nau'i goma sha biyu da kowanne zan iya karanta shi a zama ɗaya, da guda ɗaya da kowa yake tsoronsa.

UmmuHafsat: Abin da ban ji kun ambata ba shi ne mai abin. A wurina tambayar farko ita ce wane ne yake da ikon cewa a sauya wannan tafarki. Neman hutu na sashen kula da ma'aikata ne, odar saye ta sashen saye ce, kuma ko da matsayansu sun zo iri ɗaya a yau, ba rana ɗaya za su buƙaci gyara ba, ba kuma mutum ɗaya ne zai ba da izinin gyaran ba. Idan ka haɗe su, duk lokacin da ɗaya ya so sauyi sai an nemi yardar ɗayan. Saboda haka nakan raba nau'i bisa mai shi, sannan a cikin abin da yake na mutum ɗaya in bi ma'aunin Injiniya. Da wannan, Malam Sani, bakwai ɗin nan na neman hutu mai yiwuwa su koma ɗaya ko biyu, amma ba za su taɓa haɗuwa da na saye ba.

Baba_Odita: Sani, a kan tambayarka ta biyu nake so in tsaya, kuma ina roƙonka ka saurara da kyau. Kada ka goge ko ɗaya. Kowace takarda da ta taɓa bi ta wani tafarki tana ɗaure da shi, kuma ranar da mai binciken kuɗi ya zo ya ce a nuna masa dalilin da ya sa aka biya wani ɗan kwangila shekara uku da suka wuce da sa hannun mutum ɗaya, amsarka kaɗai ita ce ka buɗe masa tafarkin yadda yake a wancan lokacin, ya gani da idonsa cewa ƙa'idar ranar ke nan. Wasu manhajojin sukan hana ka gogewa muddin akwai takarda a ƙarƙashi, wasu kuwa sukan bari, su bar ka da tarihin da yake nuni zuwa ga abin da babu shi. Abin da ake yi shi ne a rufe ƙofar shiga, wato a hana buɗe sabuwar takarda da shi, a bar tsofaffin su ƙarasa, sannan a ajiye shi a ma'ajiya da ranar da aka dakatar da shi da sunan wanda ya ba da umarni.

Wani abu kuma, kafin ka haɗe biyu ka tabbatar ba don a raba ayyuka aka raba su ba tun farko. Akwai ƙa'idar da ke cewa wanda ya nemi a biya ba shi zai amince da biyan ba, wanda ya shigar da sabon ɗan kwangila cikin rumbun bayanai kuma ba shi zai saki kuɗinsa ba. Tun bayan dokar Sarbanes-Oxley ta Amurka ta 2002, wadda ta tsaurara binciken kuɗin kamfanoni, masu bincike suka ƙara sa ido a kan wannan a manyan kamfanoni. Na ga wurin da matashi mai himma ya haɗe tafarki biyu domin ya rage cunkoso, bai san ya ba mutum ɗaya mabuɗin ƙofa biyu ba.

Sani_Tsari: Na gode Baba. Gaskiya niyyata ita ce in goge waɗanda ba a amfani da su a ƙarshen makon nan, Allah Ya sa na yi tambaya tukuna.

Zainab_Kwamfuta: Ina ƙarawa a kan maganar Baba. Abin da ya fi gogewa haɗari shi ne gyara tafarki alhali akwai takardu a kan hanya. Ka ɗauka takarda tana zaune a matsayin "tana jiran mataimakin darakta", kai kuma ka cire wannan matsayi daga tsari. Ina za ta? Manhajoji sun rabu a kan amsar. Camunda tana ba kowane gyara lambar siga, takardun da suka riga suka tashi su ƙarasa a kan tsohuwar siga, sababbi su hau sabuwa, sai fa idan kai da kanka ka tsara yadda za a kwashe su, kana faɗin wane mataki na da ne ya dace da wane mataki na yanzu. Jira kuwa idan ka sauya wa aiki tafarki takan tambaye ka inda za a mayar da abubuwan da suke zaune a matsayin da babu shi a sabon. Saboda haka, Malam Sani, kafin ka yi komai ka gano wace hanya manhajarku take bi, kuma ka gwada a wurin gwaji da takardun bogi da ka ajiye a kowane matsayi. Ina kuma zargin cewa "sabon neman hutu na 2" ɗin nan da kake wa dariya daga nan ya samo asali: wanda ya gabace ka ya ji tsoron taɓa wanda ake aiki da shi, sai ya kwafe shi ya gyara kwafin.

ƊanKoyo: Malamai ku yi haƙuri, ni sabo ne a wannan fanni. Ina jin ana cewa akwai tafarki mai bin layi da kuma mai matsayai. Shin wannan shi ne nau'in da ake magana a kai, ko wani abu ne daban?

Injiniya_MG: Wani abu ne daban, ƊanKoyo, amma tambayar tana da amfani. Kalmar nau'i tana ɗaukar ma'ana biyu. Ta farko ita ce wadda Malam Sani yake nufi, wato samfurin da aka tsara wa wani aiki, kamar neman hutu ko odar saye, wanda kowace takarda take zama kwafinsa mai tafiya. Ta biyu ita ce siffar ginin. Mai bin layi yakan tashi daga mataki na ɗaya zuwa na biyu zuwa na uku har ya ƙare, kuma ya dace da aikin da ba a cika komawa baya a cikinsa ba. Mai matsayai kuwa takarda takan zauna a wani matsayi har sai wani abu ya faru, kuma tana iya komawa inda ta fito sau da yawa, kamar ƙorafin abokin ciniki da aka rufe, ya dawo ya ce matsalar tana nan, aka sake buɗewa. Lokacin da Microsoft ta fitar da Windows Workflow Foundation, kayanta na gina tafarkin aiki, a 2006, waɗannan siffofi biyu ta ba masu gini su zaɓa. Bayan su akwai batun amincewa a jere ko a tare: ko dai na biyu ya jira na farko, ko a aika wa mutum uku lokaci guda, sannan a yanke ko sai duka sun amince ko na farkon da ya amsa ya wadatar.

Rabi_Ma'aikata: Ni daga ɓangaren masu amfani nake magana. Nau'in da Malam Sani ya ce yana ɗauke da sunan wanda ya bar aiki shi ya fi damuna, domin mun sha wannan. An ɗaure matakin amincewa da sunan mutum maimakon muƙaminsa, ya tafi, aka rufe akwatinsa na imel, takardun neman hutu suka ci gaba da zuba a cikinsa har mako biyar, ma'aikata suna zuwa ofishinmu suna tsammanin mu ne muka danne. Tun daga nan muka kafa doka cewa kowane mataki muƙami yake nema, manhaja ce za ta duba wanda yake riƙe da muƙamin a ranar, kuma kowane muƙami yana da mai riƙon ƙwarya idan mai shi ya yi tafiya. Muka kuma sa wa'adi, idan takarda ta kwana uku ba a taɓa ta ba a tunatar, idan ta kai mako a ɗaga ta zuwa na sama. Da aka yi haka sai muka ga nau'o'i da yawa sun zama ba su da dalilin wanzuwa, domin an buɗe su ne kawai saboda kowane sashe da shugabansa.

Zainab_Kwamfuta: Hajiya Rabi ta taɓo wa'adi, to masu amfani da Power Automate, manhajar Microsoft ta gina tafarkin aiki, su lura cewa gudu ɗaya na tafarki, wato tafiyarsa sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba ya wuce kwana 30, har da lokacin da yake zaune yana jiran amincewa. Idan mai sa hannu ya yi shiru har wa'adin ya cika, gudun yakan mutu. Aikin da aka san yana iya jan watanni, kamar sabunta kwangila, gara a ajiye matsayinsa a rumbun bayanai a raba shi gida biyu, wani ya aika buƙata, wani ya tashi idan amsa ta zo. Ga wani dalilin raba tafarki da bai shafi mai abin ba, bai kuma shafi matsayai ba, iyakar manhajar ce ta tilasta.

Kawu_Isa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Duk abin da kuka faɗa a cikin manhaja yake, ni kuwa abin da shekaru suka koya mini shi ne manhajar ma tana da ajali. Microsoft ta cire tafarkan 2010 na SharePoint, manhajarta ta ajiye takardun ofis, daga hidimarta ta intanet ranar 1 ga Nuwamba 2020, bayan sanarwar 'yan watanni kawai, kuma waɗanda suka gina amincewarsu a kai sai da suka sake gini a Power Automate. Salesforce, wani kamfanin manhaja, ita ma ta sanar da daina tallafa wa tsofaffin kayanta na gina tafarki, Workflow Rules da Process Builder, daga ƙarshen 2025, ta ce a koma wani kayanta mai suna Flow. A irin wannan rana mai nau'i 8 da ya san dalilin kowanne yakan gama ƙaura cikin makonni, mai 43 kuwa yakan zauna yana tambayar tsofaffin ma'aikata me wannan reshe yake yi. Shawarata ga Sani ita ce kowane nau'in da zai bari ya zana shi a wajen manhajar da alamomin BPMN, wato daidaitaccen salon zana tafarkin aiki, wanda sigarsa ta 2.0 ta fito daga OMG, ƙungiyar tsara ƙa'idojin manhaja, a 2011, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya ISO kuma ta karɓe shi a 2013 da lamba 19510. Ya rubuta a ƙasa wane ne mai shi, me yake tayar da shi, da abin da ya sa aka raba shi da ɗan'uwansa.

Injiniya_MG: Kawu, ina tare da kai a kan zane, sai dai kada ƊanKoyo da irinsa su ɗauka cewa zanen BPMN ana ɗauke shi daga wannan manhaja a dasa a waccan ya kama aiki. Kowane kamfani yana da nasa ƙarin da yake cusawa a fayil ɗin, wasu manhajojin ma, irin su Jira da Power Automate, ba da shi suke gudu ba sam. Amfaninsa na gaskiya shi ne mutane su fahimci juna a kan takarda ɗaya.

Ina kuma so in koma kan ƙorafin Mai_Lissafi, domin bai sami amsa ba. Rassa talatin ɗin nan da ya gani, ina kyautata zaton yawancinsu hukunci ne aka zana shi kamar hanya: idan kuɗi ya kai kaza kuma sashe kaza ne, a je wurin wane. Irin wannan wurinsa jadawalin hukunci, layi-layi, sharuɗɗa a hagu, sakamako a dama, tafarkin kuma ya zama yana da mataki ɗaya tak da yake tambayar jadawalin su wa za su sa hannu. OMG ta fitar da DMN, ƙa'idar rubuta irin wannan jadawalin hukunci, a 2015 saboda wannan buƙata. Idan iyakar kuɗi ta sauya, layi ɗaya za a gyara a jadawali ba tare da an taɓa tafarkin ba.

Mai_Lissafi: Na ji, Injiniya, kuma na yarda jadawali ya fi rassa sauƙin karantawa. Amma ka mayar da matsalar wani ɗaki ne kawai. Wa zai riƙe jadawalin? Idan aka bar wa kowane shugaban sashe ya ƙara layinsa, bayan shekara biyu za ka tarar da layi ɗari, biyu daga ciki suna karo da juna, ba wanda ya san wanne manhaja take fifitawa. Ba nau'i 43 ne ciwon Malam Sani ba, ciwonsa shi ne an yi shekaru duk wanda ya nema sai a buɗe masa.

UmmuHafsat: A nan kam Mai_Lissafi ya yi gaskiya. Mu mutum biyu ne kawai suke da ikon ƙirƙirar nau'i a manhajar da ake aiki da ita, kuma buƙatar sabon nau'i ita ma tana da nata tafarkin: mai nema ya faɗi wanne ne ya fi kusa da abin da yake so a cikin waɗanda ake da su, da dalilin da ya sa ba zai ishe shi ba. Rabin masu nema a wannan tambaya suke tsayawa. Sau ɗaya a shekara kuma mukan fitar da rahoton takardu nawa kowane nau'i ya ɗauka.

Rabi_Ma'aikata: Kada dai a ƙuntata har abin ya wuce gona da iri. Inda sai an jira wata biyu kafin a ƙara mataki ɗaya, mutane sukan koma aika takarda ta imel da WhatsApp, su sa hannu a can, sannan a zo a cika manhajar daga baya don cika ƙa'ida. A lokacin tarihin da Baba yake karewa ya zama labari kawai.

Sani_Tsari: Na bi shawarar Malama UmmuHafsat na fitar da rahoto jiya da daddare. Cikin 43 ɗin, 19 ba su ɗauki ko takarda ɗaya ba a shekara biyu da suka wuce, kuma na rufe ƙofar shigarsu kamar yadda Baba ya ce, ban goge komai ba. Guda 6 suna da takardu 'yan kaɗan da suka maƙale a tsakiya, mafi yawansu a hannun mutanen da ba sa nan. Na neman hutu guda 7 matsayansu ɗaya ne sak, ban da guda da yake da ƙarin matakin takardar likita. Amma a kan na 44 na ƙara rikicewa, domin da na zauna da shugaban sashen saye sai ya bayyana cewa babbar oda ba sa hannun darakta kaɗai take buƙata ba. Ana neman farashi daga masu kawo kaya uku, kwamiti ya zauna ya zaɓa, kuma ana iya soke zaɓen a sake nema daga farko.

Injiniya_MG: To wannan ya sauya magana. Neman farashi, zaman kwamiti da sake nema matsayai ne da ƙaramar oda ba ta san su ba, saboda haka bisa ma'aunina ma ya cancanci nasa. Sai dai ni zan gina shi a matsayin ƙaramin tafarki da odar saye take kira idan ta kai iyaka, ya gama ya dawo mata da sunan wanda aka zaɓa, domin kada a sami wuri biyu da ake fitar da oda.

Mai_Lissafi: Ni kuwa zan ba shi nau'insa cikakke, wanda yake ƙarewa da buɗe odar saye ta yau da kullum. Tafarki a cikin tafarki yana wahalar da mai neman sanin inda takardarsa ta tsaya.

Baba_Odita: Ko wanne ka zaɓa, Sani, ka tambayi shugaban sashen ko yana cikin kwamitin da yake zaɓen, domin idan yana ciki bai kamata ya zama shi ne mai amincewa da odar da ta biyo baya ba. Takardun nan da suka maƙale kuma kada ka tura su gaba da ikonka na mai kula da manhaja. Ka rubuta wa shugaban kowane sashe ya faɗa a rubuce ko a ƙarasa ko a soke, ka liƙa amsarsa a jikin takardar.

Sani_Tsari: Yana cikin kwamitin, Baba, shi ne ma yake shugabantarsa. Zan kai maganar gaban darakta ranar Litinin kafin in zana komai. Malama Zainab, manhajarmu ba ta nuna lambar siga a ko'ina, ta yaya zan gane ko takardun da ke kan hanya za su bi tsohon tsari ko sabo idan na haɗe na neman hutu?

Zainab_Kwamfuta: Ka buɗe takarda ta bogi a wurin gwaji ka kai ta mataki na biyu, sannan ka ƙara wani mataki na uku da babu shi a da, ka amince da ita ka ga inda za ta faɗa. Idan ta shiga sabon matakin, to manhajarku tana sauya tsari a ƙarƙashin takardu masu tafiya, kuma sai ka jira lokacin da layin neman hutu ya yi sauƙi kafin ka taɓa shi. Idan kuma ba ku da wurin gwaji, ka faɗa mini sunan manhajar in duba.